Abin da Ya Rage a Littafin Yaya Haruna

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana, Kyaftin Haruna mai ritaya, ma'aikacin jinya, wanda korona ta yi ajalinsa a nan Doha. Na so in yi wannan rubutu tun yana cika shekara ɗaya, na sake so a ta biyu, amma duk lokacin da na zauna sai in ji ba ni da bakin yabonsa, domin akwai wani abu da ya bar mini in yi na ƙi yi. Yanzu da na yi shi, ko da yake a makare, ina jin zan iya ɗaga kai in ambace shi a gaban jama'a. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Yaya bai tashi da niyyar jinya ba. Digirinsa na farko a ilimin halittu ya yi. Ya gama bautar ƙasa, ya dawo Zariya ya shekara uku yana koyarwa a wata makarantar kuɗi, kullum yana dawowa da ƙurar alli a riga da kuma ɓacin rai. Wata rana ya shigo gida da jarida a hammata ya ce ya samu hanya. Sojoji ne ke neman waɗanda suka riga suka yi digiri a fannin kimiyya, za su ɗauki nauyin karatunsu na jinya, a matse karatun a gama shi cikin ɗan lokaci tunda ba daga tushe za a faro ba, sannan a ba su horon soja su fito hafsoshi da anini a kafaɗa. Sharaɗin kawai shi ne mutum ya yi wa rundunar aiki na wasu shekaru kafin ya ce zai tafi ko'ina.

Mahaifinmu, Allah Ya gafarta masa, babu ɗaya a cikin biyun da ya yi masa daɗi. Soja a wurinsa mai dukan mutane ne, nas kuma aikin mata ne, ga shi ɗansa na fari ya haɗa masa su a faranti ɗaya. Ba a karɓar kowa a shirin sai da takardar amincewar mahaifi ko waliyyi, takardar nan kuwa ta kwana bakwai a ƙarƙashin buzun sallarsa. A na takwas ya ciro ta ya sa hannu, ya ce ba don ya gamsu ba, sai don ba ya son ya zama shi ne ƙofar da aka rufe wa yaron. Ina nan a zaune a zauren lokacin, ina ɗan sakandare, na ji da kunnena. Ku riƙe wannan, domin daga baya ni da na ji ni ne na manta. Innarmu ita ba ta sha wahalar komai ba, likita ta ɗauke shi, likita take kiransa har ta koma ga Allah, duk da ya gaji da ce mata, "Inna, nas ne ni."

Yakan ba mu labarin karatun yana dariya, wai abin da wasu ke ci a hankali su ɗura musu aka yi. Fareti da sassafe, aji da hantsi, ɗakin marasa lafiya da yamma, littafi kuma duk inda ka samu wuri. Amma abin da ya fi zama masa a jiki daga can shi ne miƙa aiki. Wata tsohuwar hafsa ce ta koya musu, wadda ya ce ko ƙuda ba ya wucewa ta gabanta ba da izini ba. Idan lokacin tashinka ya yi, sai ka raba shafi gida biyu, gefe guda ka rubuta abin da aka yi, ɗaya gefen abin da ya rage. A ƙasa ka sa hannu ka miƙa, wanda zai canje ka ya karanta ya sa hannu ya karɓa. Kafin wannan hannu na biyu ya hau takarda ba ka tashi aiki ba, ko da agogo ya ce ka tashi.

Da ya cika shekarunsa a soja har ya ɗora, ya yi ritaya da muƙamin kyaftin, sai ya samu aiki a wani asibiti a Doha. Shi ya jawo ni daga baya, da ya ji ana neman injiniyoyin na'urorin sanyaya gini a Lusail, lokacin garin duk ƙarafa ne da rairayi. Iyalanmu suna gida Najeriya, mu kuma muka kama ɗaki biyu a unguwar Mansura, a saman shagon wani ɗan Indiya mai shayi. A nan na gane cewa yayana bai bar soja a bariki ba. Duk ranar da zai fita aiki sai na tarar da takarda a jikin firji. An yi: an dafa wake, an kai wanki. Ya rage: gas ya kusa ƙarewa, famfon banɗaki na ɗiga, kai ne injiniya. A ƙasa ga layi an ja mini. Nakan sa hannu da sunan Janar, wani lokaci in zana kan akuya. Ba ya fushi, sai dai ya miƙo mini biro da ya dawo ya ce in sa sunana na gaskiya. Ran Juma'a kuwa mukan tafi kasuwar kayan miya ta Abu Hamour, ya bi layin tumatir hannu a baya kamar mai duba fareti, ni ina biye da kwando ina jin kunyar masu sayarwa.

Cikin 'ya'yansa huɗu, babbar, Asma'u, da muke kira Ma'u, ita ce ta ɗauko shi. Ita ma ilimin halittu take karantawa a jami'a, kuma tun tana aji biyu ta ce hanyar babanta za ta bi, shirin nan na sojoji za ta shiga da ta gama. Ya yi ta gwada ta. Ya gaya mata wanke gyambo, ya gaya mata tsayuwar da ƙafa ke kumbura, ya gaya mata za a iya tura ta inda ko waya ba ta shiga. Da ya ga ba ta girgiza ba sai ya yi mata alkawarin zai sa mata hannu. Ya gaya mini haka muna cin tuwo, yana ƙoƙarin ɓoye murnarsa, murnar kuwa ta ƙi ɓoyuwa.

Sai korona ta shigo. Aka rufe masallatai, aka tsayar da jirgin metro, Mansura da ba ka samun wurin sa ƙafa ta yi tsit. Aka mayar da Yaya sashen masu cutar. Don kada ya kwaso mini ita ya koma masaukin da aka tanadar wa ma'aikata, muka koma gaisawa ta waya. Daga baya abokan aikinsa suka gaya mini cewa sau da dama lokacin tashinsa kan yi wanda zai canje shi bai zo ba, shi ma ya kwanta, sai Yaya ya zarce. Babu wanda ya tilasta shi. Har cewa aka yi ya je ya huta, ya tambaye su wa zai miƙa wa.

Ranar da aka kwantar da shi, Malam Awudu ya zo gidan. Direban motar ɗaukar marasa lafiya ne, mutumin Zangon Kumasi, abokin hirar Yaya kuma abokin cin waken Juma'armu. Ya ajiye wata leda a bakin ƙofa, ya fesa mata magani, ya ja da baya ya tsaya can a matakala da takunkumi a fuska, ya ce Kyaftin ne ya ce a kawo mini. Ɗan littafin aljihunsa ne a ciki. Shafin ƙarshe an raba shi gida biyu kamar kullum, sai dai rubutun ya ɗan karkace. A gefen abin da aka yi ya rubuta cewa ya aika wa iyali kayan azumi, ya yi magana da kowanne cikin yaran, ya kuma yafe mini kan akuya. A gefen abin da ya rage abu biyar ne. A raba littattafansa na jinya ga ƙananan ma'aikata. A mayar wa Awudu tukunyarsa. A riƙa ba na'ana'ar da ke taga ruwa. Idan ta Allah ta kasance a binne shi a nan, kada a wahalar da kowa. Na biyar kuma, idan Ma'u ta gama, in sa mata hannu a takardar waliyyi, ya yi mata alkawari. Ya sa hannunsa a wurin wanda ya miƙa, ya ja mini layina a ƙasa.

Kwana tara bayan haka ya cika. Mu 'yan ƙalilan muka yi masa salla, kowa nesa da kowa, muka kai shi makwancinsa a maƙabartar da ke can wajen Abu Hamour, hanyar da muka saba bi da kwando. Ko rungumar juna ba mu samu yi ba.

Abu huɗun farko ban ɓata lokaci a kansu ba. Na ja wa kowanne alama. Na'ana'ar ma tana nan har yau, ta cika tukunya uku. Na biyar ne na yi masa irin ta injiniyoyi. A aikinmu idan za a miƙa gini akan rubuta 'yan gyare-gyaren da suka rage, wanda ba na gaggawa ba sai a rubuta masa "a dakata" a gefe, a miƙa ginin a wuce, wata rana a waiwaye shi ko kada a waiwaya. Na ɗauki fensir na rubuta wa alkawarin yayana "a dakata". Layin da ya ja mini kuwa na bar shi babu komai, na ce wa kaina ai ba a sa wa mamaci hannu.

Gaskiyar magana ita ce fushi nake yi, kuma tsoro nake ji. A ganina a lokacin shirin nan ne ya kashe shi. Su suka ɗauke shi yana malamin makaranta suka cusa masa cewa ba a tashi sai an karɓe ka, ga shi ya tsaya har abin ya tafi da shi. Na ji haushin sojoji, na ji haushin tsohuwar hafsar da ban taɓa gani ba, na ji haushin Yaya kansa. Kuma a ce ni da hannuna in tura 'yarsa makarantar da za a koya mata wannan?

Ma'u ta gama, ta yi bautar ƙasa. Mahaifiyarta, Hajiya Rabi, mace ce mai kawaici, ta ce magana tana hannun Baffanta, tunda ni ne uba yanzu. Shekarar farko da aka buɗe neman shiga na ce a bari annoba ta lafa. Shekara ta biyu na kawo zancen digiri na biyu, na ce zan nema mata aikin ɗakin gwaje-gwaje a nan Doha, mai sanyi, ba fareti. Duk abin da na faɗa sai ta ce, "To, Baffa." Ta kama koyarwa a makarantar kuɗi kamar yadda ubanta ya yi, ni kuma na ƙi ganin kamar. Abin da na sani sarai na yi kamar ban sani ba shi ne shirin yana da iyakar shekaru, yajin aikin jami'a kuma ya riga ya cinye mata wasu. Zagaye na uku shi ne na ƙarshe da za ta iya nema. Ba sai na ce a'a ba, jan ƙafa kaɗai ya isa ya gama mini aikin, kuma a kan haka na dogara.

Ana haka gasar cin kofin duniya ta zo. Garin da ya yi tsit shekara biyu da rabi baya ya cika ya batse. Tutoci a barandar kowane bene a Mansura, tashar metro ba masaka tsinke, gine-ginen Lusail da muka sha zafi a kansu duk sun cika da baƙi. Da yake an sauƙaƙa shigowa ga 'yan kallo, na nema wa Ma'u kati na ce ta zo ta sha iska, a zuciyata kuwa ina so garin ya ruɗe ta ta yarda da aikin da nake nema mata. Ranar da ta sauka ba ta tambayi filin wasa ba, kabarin babanta ta ce in kai ta.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci Malam Awudu ya zo da tukunyar nan tasa cike da wake da shinkafa irin na Zango, don ya ga 'yar Kyaftin. Muka ci, aka yi hira. Sai Ma'u ta ce ko akwai wani abu da rubutun babanta a kai, tana son ta gani. Ban yi tunani ba na nuna mata kantar da littafin aljihun nan yake. Ta ɗauko littafin tana buɗawa tana murmushi, har ta kai shafin ƙarshe. Na ga idonta ya tsaya a kan fensirina. Awudu ya miƙa hannu ta ba shi, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗora yatsa, ba a kan na biyar ɗin ba, a kan layin da na bari.

Ya ce, "Injiniya, ka yi haƙuri, ni direba ne, ban yi makaranta ba. Amma shekara shida ina kai wa Kyaftin marasa lafiya, na san wannan takarda. A wurinsu babu a dakata. Mutum ne a kwance, ba bango ba. Ko ka karɓa, ko ka ce ba ka iyawa a nemo wani. Kai ba ka yi ko ɗaya ba. Kyaftin yana nan tsaye bakin aiki, ba ka sallame shi ba."

Raina ya ɓaci, na fara cewa ai wannan tsayuwar ce ta kai shi kabari. Ma'u ta bari na gama tsaf, sannan ta yi magana, idonta a ƙasa, muryarta ko rawa ba ta yi.

"Baffa, ba na so ka sa hannu don an yi maka magana. Idan a'a ce, wallahi na haƙura, ba zan riƙe ka a zuciya ba. Amma ka faɗe ta, ka rubuta ta a wurin. Shekara biyu ke nan ba ka ce e ba, ba ka ce a'a ba."

Na tambaye ta ko ba ta tsoron abin da ya samu ubanta. Ta ce tana tsoro ƙwarai, shi ma a wayarsu ta ƙarshe ya gaya mata yana tsoro, amma bai ce mata ta fasa ba.

Na ɗauki biro da niyyar rubuta a'a, Allah Ya sani. Na riƙe shi a kan takardar, ga rubutun Yaya a karkace a sama, sai buzun mahaifinmu ya faɗo mini a rai. Tsoho wanda bai yi boko ba, mai ganin soja mugu ne nas kuma mace, kwana bakwai kawai ya riƙe takarda. Ni mai digiri, mai yawon duniya, na riƙe ta fiye da shekara biyu, kuma ko ƙarfin halin cewa a'a ban yi ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na tashi na sa takalmi, muka sauka shagon da ake buga takardu a ƙasan layinmu, Ma'u ta ciro takardar waliyyin daga wayarta, ashe tana nan ajiye tun shekarar farko. A kan kantar shagon na sa hannu, 'yan kallo na ta busa ƙaho a titi saboda wata ƙasa ta ci wasa.

Washegari da hantsi Awudu ya kai mu maƙabarta don ta yi sallama. Bayan mun yi addu'a na goge fensirin, na ɗora littafin a kan motar na sa sunana na gaskiya a layin wanda ya karɓa. Awudu ya leƙo ya gani, ya shafa fuska ya ce a hankali, "Khalas, shi ke nan. Kyaftin ya tashi aiki."

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Lusail da ya sani da ƙura ta zama gari, na tabbata da ya bi titunanta hannu a baya yana nemo abin da ya rage. Takunkumi ya ɓace, mutane sun manta, waɗanda aka tafa wa a lokacin annoba sun koma ma'aikata kawai, kuma ba na jin hakan zai dame shi, bai taɓa son tafi ba. Abin da zai dame shi shi ne yadda ma'aikatan jinya ke ta barin gida Najeriya, ko da yake shi ma ya bari, sai dai zai ce shi sai da ya cika shekarun da ya yi alkawari. Shirin sojojin nan da ya mai da shi nas kuwa, har yanzu ban gama shiryawa da shi ba. Ina ganin alherinsa, ya ɗauki yaron da ke ƙonewa a aji ya mai da shi mutumin da ya amfani dubban jama'a, ya kuma buɗe wa 'yarsa ƙofar da ni ba zan iya buɗe mata ba. Ina kuma ganin abin da yake karɓa a madadin haka, domin ni na tsaya a bakin kabarin. Na daina cewa su suka kashe shi. Kwanansa ne ya ƙare, kuma ya ƙare yana inda ya zaɓa ya tsaya.

Bai bar gida a Abuja ba, bai bar suna a jikin wani gini ba. Ya bar na'ana'a tukunya uku, da ƙananan ma'aikatan da har yau in sun gan ni suke kirana ƙanin Kyaftin, da wata ɗabi'a ta rashin barin abu a rataye, wadda ni da na kwana gida ɗaya da ita sai da direba ya karanta mini ita.

Ma'u ta samu shiga a zagayen nan na ƙarshe. Ta sha ɗurar karatun da faretin, bana aka ɗaura mata anini, Laftanar Asma'u Haruna. An tura ta wani asibitin soja mai nisa, irin inda babanta ya ce waya ba ta cika shiga ba. Ranar da za ta tafi ta turo mini hoton wata takarda da ta rubuta da hannu, an raba shafin gida biyu. An yi: an gama karatu, an kai Mama gidan Kawu, an yi wa Baba sauka. Ya rage: Baffa ya riƙa shan maganin hawan jininsa, Baffa ya gaida Malam Awudu, Baffa ya daina tsoro. A ƙasa ta ja mini layi.

Na buga takardar a shagon nan na ƙasa, na sa hannu na mayar mata a ranar, na manna ta a jikin firji. Biyun farko na ja musu alama. Na ukun har yau ban iya ba, duk lokacin da wayarta ta kwana biyu ba ta shiga ba sai in kasa cin abinci. Amma ban rubuta masa a dakata ba. Na karɓa, ina kan aikin.